Ayarin Kwana Huɗu a Ƙasar Holan

Gajeren hutu ba ya isar baƙo ya san Holan, amma yana isar Holan ta tona halin baƙo. Da zarar ayarin 'yan yawon buɗe ido ya sauka a filin jirgin Schiphol, sai kowa ya kwance abin da ya ƙunso daga gida.

Wanda ke gaba shi ne Sarkin Gaggawa. Tun a jirgi ya tsara takardarsa: Amsterdam da hantsi, Hague da azahar, Rotterdam kafin magariba. A gidan tarihi na Rijksmuseum akwai katafaren zanen dakarun tsaron gari da Rembrandt ya gama a 1642, wanda masana ke ƙare shekaru suna nazarinsa. Shi minti biyu ya ba shi, ya ce, "To, mun gani. Sai ina?" Shi ne kuma ke zuwa gidan da Anne Frank ta ɓuya wa 'yan Nazi daga 1942 zuwa 1944 babu tikiti, alhali a intanet ake saye tun da wuri. Sai ya ɗauki hoton ƙofa ya soke wurin a takarda.

A bayansa akwai Malam Na-Sani, mai gyara wa ɗan jagora magana. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya san kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku. Ya san injinan iska 19 na Kinderdijk, waɗanda aka gina wajajen 1740, aikinsu kwashe ruwa ne daga fadama don ƙasa ta zaunu. Ya san ambaliyar 1953 ta ci rayuka sama da 1,800, ita ce kuma ta sa aka dukufa gina manyan shingayen teku a kudu maso yamma. Ya san fadar sarki da ke dandalin Dam tana tsaye kan turakun katako 13,659, kuma zai gaya maka ko da loma a bakinka.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Hajiya Mai Atamfa. Ta taso ta ga lefe ba ya cika sai da 'yar Holan, don haka ta zo da tsammanin za ta tarar da matan gari sun sha super, ɗaurin ɗankwali ya kai bisa. Sai ta tarar da su cikin wando da rigar ruwa, kan keke, yaro ɗaya a gaba ɗaya a baya. Atamfar dai a nan ake buga ta, a garin Helmond, inda kamfanin Vlisco yake tun 1846. Amma dabarar daga masu rinin tsibirin Java aka ɗauko ta, zamanin da Holan ke mulkin Indunusiya. Mutanen Java suka raina bugun inji, kayan suka yi farin jini a Afirka ta Yamma, har ta kai zanen da za ka gani a Kantin Kwari cikin wuni guda ba za ka gan shi a titin Amsterdam ba ko ka shekara. Da Hajiya ta ji haka sai ta riƙe haɓa: "Wato mu ake yi wa, su ko kallo bai ishe su ba?"

Mijinta, Alhaji Lissafi, bai ga komai ba sai farashi. Kwalbar ruwa, kuɗin kwalekwale, har kewayen tashar jirgi da ake biya kafin a shiga, duk sai ya juya su naira ya yi salati. Tarihi bai shige shi ba sai da aka zo kan furen tulip, wanda aka kawo daga ƙasar Turkawa, 'yan kasuwa suka riƙa cinikin ƙwayarsa a takarda har kuɗin guda ɗaya ya ninka abin da gwanin ma'aikaci ke samu a shekara, kafin kasuwar ta ruguje a Fabrairun 1637. Nan fuskarsa ta washe. "Ashe su ma an taɓa yi musu sakiyar da ba ruwa!"

Mai Tsoron Abinci kuwa tun a kwastan aka raba shi da kilishinsa. An miƙa masa kifin herring da yankakkiyar albasa, aka ce ya kama bindi ya ɗaga kai ya zura. "Ɗanye? Gawayi ne ya ƙare a garin?" Sauran kwanakin a shagon Turkawa ya ƙare su.

Sai Dattijo Mai Tambaya, wanda ba ya magana sai ana cikin kwalekwale, ana tsakiyar sha'awar dogayen gidajen bakin ruwa. "Yaro, kuɗin ginin nan daga ina?" Ɗan jagora zai ambaci kayan yaji da kamfanin fataucin Holan, VOC, na 1602. Baba zai ƙara masa da ganuwar Elmina ta gaɓar Gana, wadda Holan ta riƙe daga 1637 zuwa 1872, da bayin da aka loda daga can zuwa ƙetaren teku, da gafarar da Sarkin Holan Willem-Alexander ya nema a 2023. Kwalekwalen ya yi tsit, ko Malam Na-Sani bai tofa ba.

Kowane ayari kuma ba ya rasa Babban Mutum, wanda ke tsayawa kan jan layin nan na gefen titi yana gyara hula don hoto. Ba wanda ya gaya masa hanyar kekuna ce, a ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, inda Mark Rutte kan tafi ofis a keke lokacin yana firaminista. A gida mai keke ne ke kauce masa har da gaisuwa. Nan wata tsohuwa ce ta taho a guje tana kaɗa ƙararrawa, ba ta da niyyar taka birki, sai ga Babban Mutum ya daka tsalle, hula a hannu.