Rabe-raben Masu Jinyar Kwamfuta a Bazarar Kongo

Unguwar Kongo, wadda take gefen Tudun Wada ba nisa da ganuwar birnin Zazzau, ta daɗe da sanin aikin takarda, domin a nan Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki take, wadda asalinta makarantar horar da akawuna ce da aka buɗe a 1947, kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Akawunan wancan zamani da tafireta suka yi aiki, injin da ba a taɓa jin ya yi zazzaɓi ba, amma magadansu na yau, wato masu shagunan buga takardu da ɗaliban shari'a da na harkokin mulki suke kai wa kundin bincikensu, da kwamfutar girke suke neman abinci. Kwamfutar girke ita ce wadda ake ajiyewa wuri ɗaya da akwatinta da allonta, kuma akasarin waɗanda ake gani a waɗannan shaguna na hannu ne, ƙirar Dell ko HP, da suka gama bautar wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso Zariya su fara sabuwar rayuwa ƙarƙashin rufin kwano.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa, kuma babban tushen zafin shi ne firosesa, wato ɗan guntun da yake yin lissafin na'urar, wanda a irin waɗannan kwamfutoci yakan fitar da zafin wat 65, fiye da na tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da yaro ba ya taɓawa sau biyu. Saboda haka ake ɗora masa ƙarfen shan zafi, wani dunƙulen alminiyam ko jan ƙarfe mai tsaga-tsaga, a sa fanka ta riƙa hura iska ta cikin tsagogin, sannan iskar ta fice ta bayan akwati. Idan zafin ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, firosesa yakan rage gudunsa da kansa, idan kuwa hakan bai wadatar ba sai ya kashe na'urar baki ɗaya. Zariya tana da abokan gaba biyu ga wannan tsari: hunturu, wanda daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya cusa ta cikin tsagogin, da kuma bazara, wadda take biyo baya da zafin da yakan haura digiri 35 a watan Afrilu, ta tarar an riga an toshe wa iska hanya. Yadda mutane suke fuskantar waɗannan abokan gaba ya raba su gida-gida kamar haka.

Mai lulluɓi

Wannan shi ne mutumin da ya fahimci cewa ƙura ɓarna ce, daga nan kuma ya rufe karatu bai ƙara ko harafi ba. Yakan kai wa tela awon akwatin kwamfutarsa a ɗinka mata riga da ragowar yadi, wani ma har da ɗan aiki a baki, idan kuwa babu hali sai ya bar ta cikin ledar da aka kawo ta, ya jibga ƙunshin takardu a kanta, ya manna bayanta da bango don kada ƙura ta sami kafa. Lulluɓe kwamfuta bayan an kashe ta ta huce abu ne mai kyau, sai dai shi a cikin rigar yake kunna ta, alhali ramukan da ya toshe su ne mashigar iska da mafitarta. Idan ta mutu da azahar yakan yaye rigar ya ce da mai jiran aiki, "Malam, dubi tsabtarta, ko ɗigon ƙura babu," kuma gaskiya ya faɗa, illa dai shi mai jiran, takarda ya zo karɓa.

Mai tuɓewa

Kishiyar na farko ke nan, domin shi ya gano cewa iska ce magani, don haka ya kwance murfin gefen akwati, ya ɓatar da kusoshinsa tun ranar, murfin kuma ya koma tiren shayi da ƙosai. Yakan girke babbar fankar tsaye ta fuskanci kayan cikin na'urar, zafin ya sauka da 'yan digirori, shi kuwa ya kira maƙwabta su shaida. Abin da ba ya lissafawa shi ne, masu ƙera kwamfutocin ofis sun tsara hanyar iska ne daga gaba zuwa baya da murfin a rufe, wasu ma har da bututun roba da yake kai iskar kan firosesa kai tsaye, sannan a lokacin hunturu fankar tasa ba ta da aikin da ya wuce dakon ƙura daga bakin titi zuwa cikin akwati. Buɗaɗɗen akwati mai ɗumi kuma masauki ne ga kyankyaso da tsaka da gizo-gizo, waɗanda ba sa biyan haya. Ranar da aka ɗauke wuta aka tayar da ƙaramin janareta wanda ba ya iya ɗaukar firinta da fanka a lokaci ɗaya, fankar ce ake fara kashewa, sai ya zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai gadin lambobi

Shi wannan ya yi karatu, domin ya san cewa a cikin firosesa akwai ma'aunan zafi, ya kuma saka manhajar HWMonitor ko Core Temp, waɗanda aikinsu shi ne karanto awon su nuna shi a allo. Matsalarsa ita ce rabin allon ya zama na lambobi, rabin kuma na aikin jama'a, kuma da zarar 55 ta koma 58 sai ya ɗauke hannu daga bugun, ya bar ɗalibi tsaye a tsakiyar babi na uku, ya zuba wa lambar ido har ta sauko. Ga yawancin kwamfutocin girke, digiri 35 zuwa 50 lokacin da ba a aiki mai nauyi, da 60 zuwa 80 lokacin da ake aikin, ba abin tashin hankali ba ne, abin damuwa shi ne zafin da ya haura 90 ya zauna a can. Akwai reshe na wannan gida da yakan taɓa wani maɓalli cikin kuskure awon ya koma ma'aunin Faranhait, ya ga 122, ya kashe komai ya rufe shago yana salati, alhali 122 a wancan ma'auni digiri 50 ce kacal a Salshiyas. Amfanin awo shi ne a kwatanta na wannan wata da na watan jiya a kan aiki iri ɗaya, domin hauhawar sannu a hankali ita ce shaidar taruwar ƙura, amma mai gadin lambobi ya haddace awon kowace sa'a bai taɓa kwance kusa ɗaya ba.

Ɗan ba-ruwana

Ra'ayin wannan shi ne inji ba ya gajiya, don haka tun ranar da aka kawo kwamfutar ba a sake ganin cikinta ba. Idan fanka ta fara gurnani saboda tana ƙoƙarin tura iska ta cikin toshewa, maganinsa shi ne ya ƙara muryar rediyo, idan kuwa firosesa ya rage gudu don kare kansa har rubutu ya riƙa fitowa bayan an daɗe da danna harafi, sai ya yanke hukuncin cewa bairos ne, wato mugunyar manhaja mai lalata na'ura, ya goge komai ya sake zubi. Idan ta mutu da kanta laifin NEPA ne, hukumar lantarkin da aka sauya wa suna tun 2005 amma har yau take ɗaukar alhakin kowace ɓarna a bakinsa. Ba ya neman mai gyara sai a makon da ɗalibai suke rububin miƙa kundin bincike, ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan aka buɗe akwatin akan zaro ƙurar da ta curu ta yi kauri tsakanin fanka da ƙarfen shan zafi, shi kuwa ya tsaya yana tambayar wanda ya sa ta a ciki.

Bokan kwamfuta

Boka ba ya rasa magani, kuma duk magungunansa daga shagon kusa ake sayo su. Tsakanin firosesa da ƙarfen shan zafi akan shafa wani mai mai kauri, ruwan toka, gwargwadon ƙwayar masara, wanda aikinsa shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya ratsa daga ƙarfe zuwa ƙarfe, kuma yakan bushe bayan wasu shekaru a sake sabo. Boka ya lura cewa makilin ma yana da kauri kuma yana sanyaya baki, don haka shi yake shafawa, ba tare da sanin cewa ruwan da ke cikinsa zai ƙafe cikin 'yan kwanaki ya bar busasshen alli ba. Daga cikin sauran laƙanoninsa akwai jera ledojin ruwa masu sanyi a kan akwati, da jingina masa ƙanƙara, waɗanda suke haifar da raɓa, wato ɗigon ruwan da yake taruwa a kan abu mai sanyi, kusa da allon lantarki da ba ya shiri da ruwa. Yana kuma busa ƙura da baki har da yayyafin miyau, idan duk sun gaza kuma ya kai wa akwatin mari, yaron shagonsa kuwa ba ya cewa komai sai, "Oga, ta dai yi ƙamshi."

Sarkin fanka

Yawanci matashi ne da ya ga ƙawatattun akwatunan gilashi a YouTube, ya tara kuɗi ya sayo fankoki masu fitilu kala-kala daga Sabon Gari ko Kano, ya ɗaura su a duk inda kusa za ta shiga. Ba ya duba alamar kibiyar da akan zana a jikin fanka don nuna inda iskarta take dosa, saboda haka ba wuya a tarar dukkansu ciki suke hurawa babu mai fitarwa, ko biyu suna fuskantar juna suna kokawa. Burinsa shi ne ya mallaki tsarin sanyaya da ruwa, wanda yake zaton zai raba shi da bazara, alhali ruwan yana kai zafin ne ga wani ɗan lagireto da iskar ɗaki take sanyayawa. A nan ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci take: fanka ba ta iya mayar da abu ya fi iskar da take hurawa sanyi, don haka lambar da ya gani a ɗakin Bature mai digiri 22 ba za ta bayyana a shagon kwano mai digiri 38 ba, ko da ya ninka fankokin. Tsohon soron ƙasa na cikin birni mai kaurin bango zai fi yi wa kwamfutarsa amfani da azahar fiye da rabin abin da ya saya.

Yallaɓai

A ofisoshin da ke da na'urar sanyaya ɗaki ake samun wannan, kuma shi kaɗai ne a jerin da aka ba magani kyauta ya ƙi sha. Saboda ba ya son ganin wayoyi, ya sa kafinta ya yi wa akwatin kabad na katako mai ƙofa a ƙarƙashin tebur, ba rami ko ɗaya a bayansa, sai ya kasance shi yana zaune da kwat saboda sanyi, na'urar kuma tana shaƙar iskar da ta fitar tana sake fitarwa. Idan masinja ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, da an buɗe mata ƙofar ta sha iska," akan tuna masa cewa ba a ɗauke shi aikin injiniya ba, sannan a rubuta takardar neman sabuwar kwamfuta, wadda idan ta iso cikin kabad ɗin za a sa ta.

Mai burushi

Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ba a cika sanin yana nan ba domin kwamfutarsa ba ta tara jama'a. Ya ɗaga akwatin daga ƙasa ya ɗora a kan benci, ya bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango, ya nisanta shi da taga mai rana da hayaƙin janareta. A tsakiyar hunturu da kuma ƙarshensa, kafin bazara ta kama, yakan zare wayar wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin da busasshiyar iska take tarawa a jikin mutum, ya fita waje da burushi mai laushi da bulowa, ya riƙe fuka-fukan fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, ya kakkaɓe tsagogin, ya mayar da murfi da kusoshinsa. Ba ya buɗe akwatin rarraba wuta da ke ciki, domin yana riƙe caji ko bayan an kashe, kuma yana duba awon zafi jefi-jefi ya ci gaba da aikinsa.

Idan aka auna waɗannan gidaje za a ga cewa mafi yawansu sun riƙi wani ɓangare na gaskiya ne suka yi watsi da saura, domin ƙura ɓarna ce kamar yadda mai lulluɓi ya ce, iska magani ce kamar yadda mai tuɓewa ya gano, awo kuma yana da amfani idan aiki ya biyo bayansa. Mai burushi bai fi su kuɗi ko kayan aiki ba, abin da ya fi su da shi shi ne haɗa ukun da kuma yin su a kan kari. Duk mai kwamfutar girke a Kongo da ya ga kansa a ɗaya daga cikin gidaje bakwai na farko yana da damar sauya gida da kuɗin burushi ɗaya, kuma lokacin da ya fi dacewa da sauyin shi ne ƙarshen Fabrairu.