Yadda Ake Neman Shiga Gidan da Ba a Faɗin Sharaɗinsa

To, malam mai ƙaramin shafi a intanet, ka yi wata da watanni kana rubutu da wayarka, cajin ma a shagon maƙwabci, yanzu kuma ka ce lokaci ya yi da guminka zai kawo ko da kuɗin data. Madalla. Gyara zama ka ji shawara kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar Google AdSense da ire-irenta masu biyan kuɗin talla.

Fara da koyon karanta wasiƙar ƙi, domin ita za ka fi gani. Za ka cike fom, ka yi ta jira, sai saƙo ya zo cikin ladabi cewa shafinka bai kai ba tukuna, wai abin da ke ciki ba shi da wata daraja. Wane rubutun ne mara darajar? Guda nawa ake so? Shiru, kuma babu ɗan Adam ɗin da za ka tambaya. Tamkar saurayi ne ya je neman aure da goronsa, iyayen yarinya suka ce ya je ya gyara ya dawo. Ya sauya hula ya dawo, aka ce ya gyara. Ya yi aski, ya ari babur, aka ce ya gyara. Har yau bawan Allah bai san ko hular ce ko danginsa ba. Wannan rashin adalci ne, kuma kada ka bari ya sa ka raina alƙalaminka.

Inda aka ɓoye sharaɗi, nan 'yan duba ke buɗe kasuwa. Wani zai rantse maka sai rubutu talatin, wani ya ce sai shafi ya yi wata shida, wani kuma ya kira ka gefe ya ce akwai asusu na sayarwa wanda an riga an amince da shi. Riƙe kuɗinka. Ranar da aka rufe asusun, lambar mai sayarwar ma ba za ta shiga ba.

Sannan ka duba jerin harsunan da AdSense ke karɓa tun kafin ka ɓata shekara. Larabci na ciki, Hindi da Urdu da Bengali da Tamil duk suna ciki, Hausa kuwa babu ita. An rubuta wannan, amma can ƙuryar shafukan taimako, inda sai wanda ya riga ya sha wuya ke leƙawa. Harshen da BBC ke watsa labarai da shi tun 1957 bai isa a liƙa masa talla ba! Wannan kam yana ci mini rai.

In Allah Ya sa an karɓe ka, kira taron gaggawa na 'yan gidanku. Ka roƙi ƙannenka da abokan majalisa, don girman zumunci, kada kowa ya taimake ka. Akwai ƙanen da zai zo yana murmushi ya ce, "Yaya, yau sau ashirin na danna maka tallar nan." Wannan ƙaunar ce ke rufe asusu. Kamfanin zai ce an ga dannawa ta bogi, kuma a fili yake cewa ba zai yi cikakken bayani ba don kada 'yan damfara su gane dabararsa. Hujjar tana da ma'ana, sai dai mai gaskiya da ɓarawo wasiƙa iri ɗaya suke samu.

Ka kuma shirya da ma'aikatan gidan waya. Da kuɗinka ya kai dala 10, za a aiko lambar sirri a takarda don tabbatar da adireshinka, kuma ba za a biya ka ba sai ka tara dala 100. Adireshin "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi" ya wadatar da ɗan acaɓa, amma bai wadatar da ambulan da ta taso daga wata ƙasa ba. Nemi akwatin gidan waya ko adireshin ofishin wani ɗan'uwa, ka riƙa leƙawa kana gaisuwa.

Masu faɗin sharaɗinsu, ko da ya yi tsauri, na fi ganin girmansu. A farkon 2018 YouTube ta ce sai mai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu zai ci kuɗin talla, ƙananan tashoshi da yawa suka faɗo. A 2020 kamfanin talla na Mediavine ya ninka nasa sharaɗin daga ziyara 25,000 a wata zuwa 50,000. Amazon ta ce mai tallata mata kaya ya kawo ciniki uku cikin kwana 180 ko a rufe asusunsa. Da zafi, amma mutum ya san tsawon katangar, ya san irin tsanin da zai nema. Ka dai ɗauki hoton sharaɗin ranar da ka karanta shi, don gobe yana iya tashi.

Kada wani ya ce maka faɗin dalili ba ya yiwuwa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019, ta fara aiki a Yulin 2020, wadda ta wajabta wa dandalin da ke haɗa 'yan kasuwa da masu saye ya ba da dalili in ya dakatar da ɗan kasuwa, ya kuma yi masa gargaɗin kwana 30 kafin kora ta dindindin. Ku masu shafuka ku haɗu ku goma ko ashirin, kowa da hoton wasiƙar ƙinsa da kwanan wata, ku rubuta wa hukumomin FCCPC da NITDA da ɗan majalisarku kuna neman irin wannan.

Kafin amsa ta zo, tara lambobin masu karatunka da izininsu, ka buɗe musu zaure a WhatsApp ko Telegram. Sai ka ɗauki wayarka ka nufi Kantin Kwari, ka nuna wa mai atamfa yawan masu karanta ka, ku yi cinikin talla baki da baki. In ya ƙi, zai gaya maka dalili, wataƙila ma ya sa a kawo maka ruwan sanyi.