Wai Hutun Ƙarshen Mako

Duk wanda ya fara laƙaba wa Asabar da Lahadi sunan hutu, na tabbata ba shi da 'ya'ya uku a Dukawuya. In ma yana da su, to bai taɓa riskar ƙarshen Oktoba da su ba, lokacin da damina ta yi sallama, sabon gero ya cika Dawanau, kuɗi ya shiga aljihun dangi na ƙauye, kowa ya tuna yana da 'yar da zai aurar.

Tun daren Juma'a, ina tsakiyar cin tuwo, uwargida ta fara karanto mini tuhumata.

"Baban Khalifa, gobe fa akwai sauka a Islamiyyar su Ummi. Khalifa yana da lesin, Walid yana da hadda, da yamma kuma yinin bikin 'yar Yaya a Gadon Ƙaya. Kuma har yanzu ba ka karɓo ankon yara ba."

"To ni yaushe zan kwanta?"

"Ranar Litinin mana, a ofis, yadda ka saba."

Allah ya taimake ni, Asabar ɗin ta ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, ba fita daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Ban taɓa jin ƙaunar wata doka ta gwamnati kamar wannan ba. Na ja bargo ke nan aka miƙo mini shebur, wai kwatar ƙofar gida ta toshe. Ƙarfe 10 na cika kuwa aka saki Kano gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar Tiga. Daga Ƙofar Famfo zuwa Kabuga, 'yan adaidaita sahu sun yi sahu biyar a titin da aka yi don biyu, kowa na danna hon, kowa da nasa katin gayyatar.

Na fara biyawa wajen tela. Yana hango ni ya miƙe da fara'a. "Alhaji, ai saura aljihu kawai!" Ina kallon shaddar a ninke bisa tebur, ko almakashi bai taɓa ta ba. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren: aljihun ma saura.

Saukar da aka rubuta ƙarfe 10 ba ta kankama ba sai da rana ta take, saboda babban baƙo yana kan hanya. Babban baƙo a garin nan kullum yana kan hanya. Mutum 6 suka yi jawabi, kowane ya buɗe da "ba zan tsawaita ba", ya kuma karya alkawarin a gaban yaran da ake koya wa illar ƙarya. Ummi ma ba ta cikin masu saukar. Tana cikin 'yan tarbar baƙi ne, aikin minti biyu, wanda saboda shi aka ɗinka sabon hijabi aka yi lalle da kitso. Da lokacinsu ya zo, iyaye suka taso da wayoyi sama suka rufe rumfar. Ni dai ƙeyar wani bawan Allah na ɗauka, hularsa zanna ce mai kyau.

A zaune a wurin nan na yi lissafin rayuwar Walid, ɗan shekara 7. A makarantar allo ta zamaninmu, Alhamis da Juma'a na yaro ne. Yanzu boko ta cinye waɗannan, Islamiyya ta karɓe Asabar da Lahadi, abin da ya rage a tsakani lesin ya lashe. Yaron nan yana fita da jaka tun kafin ni, ya dawo bayan ni, kuma ba a ba shi albashi. Ba ƙin karatu nake ba, Allah ya sani. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: rabin lesin ɗin nan ba don yaro aka sa shi ba, don matar maƙwabci ce. Ta ce ɗanta ya fara koyon kwamfuta, shi ke nan namu ma ya fara, alhali gidan sai mu yi yini ba mu ga wuta ba.

Mu muna yara, da kaka ta yi, bayan ganuwa muke kwana biyu ba a san inda muke ba. Mu hau badala mu gangaro, mu yi langa har gwiwa ta fashe, mu samo karan dawa mu ƙera mota da tayoyinta, mu tona rami mu gasa gyaɗar da ba lallai ta gonarmu ce ba. Yau filin ya zama shaguna, badalar ma ana ta yagar ta kamar gurasa.

Bikin Gadon Ƙaya kuwa, nan ankon ya nuna mini iyakata. Telan ya gama da la'asar, an saka wa Walid rigar tana ɗumin guga. Muka isa muka tarar da yara maza sun fi 30, duk shadda ɗaya, hula ɗaya, kowane da robar shinkafa a hannu. Da magariba ta kawo kai na damƙi hannun ɗana na nufi mota. Sai da muka kai bakin titi yaron ya ɗago ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baba, ni fa ba ɗanka ba ne." Na mayar da shi da sauri kafin a tara mini jama'a. Walid na can ƙarƙashin kujera yana barci, barcin da ya yi sati yana bin sa bashi.

Lahadi ba sai na ba ku labari ba: suna a Goron Dutse, dubiya, gaisuwar mutuwa. Alkawarin Gidan Zoo da na yi wa yara kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake jiran sauƙi. Na nuna musu tattabarun maƙwabci, na ce a fara da waɗannan.

Ƙarfe 9 na dare, na kai haƙarƙari ƙasa ke nan, Khalifa ya leƙo.

"Abba, Anti ta ce gobe kowa ya zo da zangarniyar gero da ta dawa, za a koya mana kaka."

"Yaushe ta faɗa?"

"Tun ranar Laraba."

Haka na fita da fitilar waya, ni jikan manomi, ina bin lungunan birni ina cigiyar zangarniya. Mai shago ya ce sai dai gero na kwano. Mai shayi ya ce in je Dawanau. A ƙarshe wani mai rake da ke zuwa daga wajen Rimin Gado ya tausaya mini, ya zaro guda biyu daga cikin buhun da yake matashi da shi. Na shigo gida ina ɗaga su kamar na ciyo kofi. Khalifa ya jujjuya ta dawar, ya sunsuna, ya ce, "Abba, wannan ba tsintsiya ba ce?" Ya riƙe ta geron kuma ya tambaye ni ta ina kunun yake fitowa.

Na ajiye su a kan tagar tsakar gida don kada a manta. Da asuba na fito alwala na tarar da akuyar uwargida tsaye a wurin, tana tuƙa, tana kallona ba ko kunya.

Saboda haka, 'yan uwa da abokan arziki, duk mai biki ko suna ko sauka a Asabar mai zuwa, ina taya shi murna tun yanzu, Allah ya sanya alheri. Wayata ta faɗa ruwa, sai Litinin za a gyara.