Zuwa ga bawana na garejin Television

Bawana Bayarabe, labari ya iso fada cewa ka tara yaran mota a garejin Television kana koya musu wai Bagobiri bai san abinci ba: daga goro sai tuwo miyar kuka, ranar samu ya ƙara da tsire. Sannu, sarkin girki.

To goron nan, ka taɓa ganin bishiyarsa a Sabon Birni ko Tsibiri? Daga Shagamu ake ɗinko shi huhu-huhu. Kai ka noma, kai ka sayar min, ka soke kuɗina a agbada, sannan ka dawo kana min gorin jan haƙori.

Mu kuma tsokanarmu ita ce ba ka iya komai ba sai barkono da manja, kana ci kana sharce hanci. Nan ma da sauran magana. Attaruhu da tattasan da ke cika kasuwar Mile 12 a Legas daga fadamun Kadawa da Ɗanja ake lodinsu, albasa kuma daga Aliero. A farkon 2021 da fataken Arewa suka tsayar da lodi na 'yan kwanaki, ai miyarka koɗewa ta yi.

Abincinka na gaske ba a hango shi ta tagar mota. Sai an shiga madafa an ga yadda ake shanya doya ta bushe kafin a niƙa garin amala, yadda ake surfa wake a tace shi ya zama gbegiri. Ewedun da kake taƙama da shi lalo ne, yana nan a bayan gidanmu. Bambancin kawai mu da maburgi muke kaɗawa, kai da tsintsiya, Allah ya shirye ka. Iru kuwa kalwar ɗorawa ce, daddawarmu ce ba a kirɓa ba.

Kai ma da ka taɓa wuce zaurena da ka san kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dambu, da hoce. Maƙwabtanmu Bajju da Atyap suna nan da faten accarsu, ni da kai ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda ake fitar da tsakuwa daga ƙwayar acca.

Ranar Asabar ka kawo amala fada a matsayin haraji, da zafinsa. Goron komawa kuma kai za ka saya.