Ranar Da Kwamfutata Ta Bebance

A garin nan, in ba ka shirya shan magani ba, kada ka kuskura ka ce kanka na ciwo a majalisa. Kafin ka rufe baki an rubuta maka saiwa uku, allura biyu da hayaƙin habbatussauda. Ashe ko majinyacin kwamfuta ne, haka abin yake.

Ranar Asabar na kunna laftof zan kalli labarai, sai shiru. Bakin mai karanta labarai na motsi, amma ko tarinsa ba a ji. Tun da ƙanina ya cire min Windows ya sa min Ubuntu, ɗaya daga cikin 'ya'yan Linux, yake min wa'azi wai manhaja ce ta kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Bai gaya min "kowa" ɗin ya haɗa da 'yan majalisarmu ba.

Da na kai ta majalisa, na farko ko taɓa ta bai yi ba ya yanke hukunci: "Malam, PulseAudio ne, a kashe shi." Na biyu ya ja tsaki: "Kai kana ina? Ai tun 2022 Ubuntu ta koma PipeWire." Suka kaure kamar 'yan Barcelona da 'yan Madrid. Abin da na tsinta a rigimar shi ne, sautin hawa-hawa yake bi. A can ƙasa ALSA ce ke magana da na'urar sautin, a samanta PipeWire ke rabo: wannan na lasifika, wannan na abin kunne, wannan na wayar HDMI. Kamar fayil a sakatariya, tebur biyu zai bi, kuma kowane tebur na iya kwantar da shi.

Na uku ya fi ban tsoro. Ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya shiga kwaso layuka daga intanet yana liƙawa, kowanne da "sudo" a goshi kamar hatimin hakimi. Na ce me wannan yake yi? Ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba, amma wani Bature ya ce ya yi masa aiki." Linus Torvalds, da yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991, da ya hango yaron nan, ina jin noma zai koma.

Mai shayi ya leƙo ya ce a binciki hannun maƙiya. Ƙanina kuwa, da aka kira shi a waya, cewa ya yi, "Yaya, a goge komai a sa Fedora." Kunne ke ciwo, shi kai zai cire.

Can sai ɗan maƙwabcina, yaro ɗan sakandare da aka aiko sayen siga, ya ce a ba shi. Ya rubuta alsamixer. Ga wasu sanduna sun fito, a ƙarƙashin na farkon an rubuta MM. Ya danna harafin M, ya koma 00. Da yake kowane likita ya ƙure ƙarar kafin ya tashi, sautin da ya fashe sai da akuyar mai shayi ta tsinke igiya.

"Ai dama na faɗa," in ji mutum huɗu a tare.

Da na koma gida ina ba da labari, uwargida ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. "Ni na danna maɓallin kashe sauti jiya, Maigida. Ƙarfe ɗayan dare kana kallon ƙwallo, yaro na barci." Ta watsar da tsakuwa. "Ɗan gidan wa ka ce ya gyara?"