Yaƙi Ɗan Zamba Ne, Ni Kuwa Ɗan Gaisuwa Ne

Akwai wani wasa da zamani ya kawo, inda manya da gemunsu ke biyan kuɗi a ba su bindigar iska, su rufe fuska da takunkumi mai gilashi, su shiga fili su yi ta harbin juna da fenti. Harsashin ɗan dunƙule ne kamar ɗan magarya, yana fita da gudun da ya kusa mita 90 a daƙiƙa ɗaya, in ya same ka ya fashe ya bar maka tambari, shi ke nan ka mutu, wato ka ɗaga bindigarka sama ka fita fili kana sosa wurin. Duk wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka gwanin harbi ne sarkin wasan. Ni kuwa ra'ayina, wanda na tsaya a kai ko da za a haɗa ni da duk majalisun shayin Kaduna daga Kawo zuwa Kabala, shi ne wasan na mai iya ɓuya ne da mai iya yaudara, kuma abin da zai kayar da mutum irina a cikinsa tarbiyyar kirki ce da iyayena suka sha wahala suka ba ni. An raine mu a kan kada mu shiga wuri sai da sallama, kada mu wuce babba sai da gaisuwa, kada mu fita sai da turare. Wasan kuma yana neman mutumin da zai iya zama ba kowa ba har tsawon rabin sa'a.

Hujjata ta farko tana cikin asalin wasan. A shekarar 1981, a dajin jihar New Hampshire ta Amurka, mutum 12 suka yi karon farko. Musu ne ya haife shi, tsakanin wani marubuci Charles Gaines da abokinsa Hayes Noel, ɗan kasuwar hannun jari a birnin New York, a kan ko ɗan birni mai wayo zai iya yin ƙarko a daji kamar wanda aka haifa a cikinsa. Bindigar da suka yi amfani da ita ma ba don mutane aka ƙera ta ba, ta yi wa itatuwa da shanu alama ce. Aka kafa tutoci, aka ce wanda ya tattara su bai sha fenti ba shi ya ci. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma ya gama wasan bai harba ko harsashi ɗaya ba. Sauran suna can suna ta ɓarin fenti a kan juna kamar yara sun sami bokitin shuni, shi kuwa ya bi ta bayan itatuwa ya kwashe tutocinsa. Tun ranar farko, wanda bai taɓa kunamar bindiga ba ne ya lashe wasan bindiga, kuma ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da musu bayan wannan ba, sai dai mun saba.

Daga baya abin ya girma har aka shiga shirya shi a kan labari: a raba mutane runduna biyu, kowace da janar ɗinta da masu leƙen asirinta, a yi yini ko kwana ana fafatawa. A jihar Oklahoma, daga 1997 mutane suka riƙa haɗuwa, har suka kai dubbai, suna kwaikwayon saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944. Su kansu masu yaƙin na gaskiya da zamba suka share hanya, don sun ƙirƙiri rundunar bogi a Ingila, suka ɗora Janar Patton a kanta, suka cika iska da saƙonnin rediyo na ƙarya, har Jamusawa suka zauna jiran farmaki a wajen garin Kale maimakon Normandi. Bahaushe bai jira Bature ya gaya masa ba, ya riga ya ce yaƙi ɗan zamba ne. A filin fenti zambar ba ta da wuyar faɗi: mutum uku su yi ihu ta gabas kamar su talatin ne, sauran su lallaɓa ta yamma, a bar tuta a fili kamar an manta da ita alhali an kewaye ta, mutum ya kwanta cikin ciyawa abokan gaba su wuce shi sannan ya tashi a bayansu.

To, ku ɗauki mutum irina ku sa shi a nan. Tun daga gida matsalar ke farawa, don ba zan fita unguwa ba tare da na feshe jikina da turare ba, ko da unguwar bayan tarin tayoyi ce. Duk wanda iska ta kaɗo ta wajensa ya san inda nake, ba ya bukatar ido. In da shadda na zo kuwa, wadda mai wanki da guga ya ba ta sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai, kowane motsi nawa sai ya yi ƙara kamar ana yayyaga buhun siminti. Za a ce in kwanta rub da ciki in ja jiki. Wanda ya tsara wannan dabara bai yi lissafin tumbin da aka gina shekara ashirin da tsire da masa ba. In na kwanta, kaina da ƙafafuna ne ke ɓuya, tsakiyata tana sama kamar dutsen Kufena. Lokacin hunturu kuma ganye ya bushe, duk inda gwiwa ta sauka sai ya yi ƙaras, gilashin takunkumi ya yi gumi daga ciki har in daina bambanta abokin gaba da bishiyar darbejiya. In na yi sa'a na sami lungu na natsu, cinnaka zai zo, shi da bai san na gida ba, ya shiga ta ƙafar wando. Ana cikin haka waya za ta ɗauki ruri daga aljihu, da ƙarar da aka saita don a ji ta a tsakiyar Kasuwar Barci, kuma uwargida ce, kuma kowa ya san hukuncin wanda ya ƙi ɗauka ya fi na fenti zafi.

Duk wannan ana iya gyarawa: a bar turare, a sa tsohuwar riga, a kashe waya. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ladabi. Ƙurar hunturu ta shiga hancina in yi atishawa, bakina zai ce alhamdu lillahi kafin hankalina ya hana shi, kuma na tabbata daga bayan wata ganga abokin gaba zai amsa mini da yarhamukallahu, sai mu biyu mu tashi da tambari. In na lallaɓo na tarar da ƙeyar wani a gabana, taku biyar tsakaninmu, na duba na ga Yaya ne, ko mafi muni surukina, me ake so in yi? Doka ta ce in harba. Jinina ya ce in rusuna in ce, "Baba, barka da hutawa, ya gajiya?" Shi kuma zai waiwayo ya ce, "Lafiya lau, ya iyali?" sannan ya ɗirka mini fenti a ƙirji, domin babba ba ya jin kunyar harbin yaro. Garin nan namu ma ya ƙara dagula abin. Mutumin Kaduna yana son a san ya iso. Wanda ya saba in ya shigo ɗaurin aure a Unguwar Rimi maroƙi ya sanar da zuwansa tun daga bakin titi, yaya za a ce masa nasararsa ita ce kada kowa ya san yana wurin?

Na san abin da za a fara ce mini: wannan ai ragwantaka ce da aka yi wa kwalliya, namiji gaba da gaba yake yi, kamar ɗan dambe. Wanda ya faɗi haka bai kalli dambe da kyau ba. Ɗan dambe yakan daɗe yana auna abokin karawarsa da hannun da ba a naɗe ba, ya nuna zai kawo ta sama ya kawo ta ƙasa, ya yi kamar ya gaji don a saki jiki. Wanda ya shigo da ƙarfi kawai shi ake kashewa a turmin farko, makaɗa su juya kiɗa su bar shi yana kakkaɓe ƙasa. Mu koma wajen maharba, waɗanda ba wanda ya isa ya kira su ragwaye. Maharbin ƙasar Hausa ya daɗe yana ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jiki, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kai kusa da barewa ba ta tsargu ba. Babban mutum mai iyali ya yarda ya zama tsuntsu na sa'a guda don a ci nama a gidansa. In haka ragwantaka ce, to gidan jarumi romon kuka zai sha. Gizo ma da muka tashi da tatsuniyarsa bai taɓa kayar da zaki da ƙwanji ba, kuma ban taɓa jin yaron da ya goyi bayan zaki ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, don daga masu tsoron Allah take fitowa: ai yaudara ƙarya ce, ko a wasa. Amsata ita ce, wanda ya shiga fili ya riga ya ba da izinin a ruɗe shi, kamar yadda mai wasan dara ba ya kai ƙara don an yi masa tarko, kuma yaran da ke wasan ɓuya ba wanda ya ce musu maƙaryata. Sai dai akwai iyaka, kuma masu wasan sun san ta. Akwai wata dabara da za a iya kira tafiyar gawa: mutum bai sha fenti ba, amma sai ya saki kafaɗa ya sunkuyar da kai ya taho kamar wanda aka fitar, in ya shige tsakiyar abokan gaba ya buɗe musu wuta. Filaye da yawa sun hana ta, kuma ina ganin sun yi daidai, domin tana cin amanar alamar da kowa ya dogara da ita don kada a yi ta harbin wanda ya riga ya fita. Mafi muni shi ne wanda fenti ya same shi ya goge da hannun riga ya ci gaba. Mai kan burtu barewa ya ruɗa. Mai goge fenti alƙalin wasa ya cuta, da abokansa da suka yarda da maganarsa. Na farkon gwani ne. Na biyun, ranar da ya zo neman bashi a tuna masa.

Suka ta uku ba ta dariya ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Kaduna garin soja ne tun da Turawa suka baro Zungeru suka mai da ita hedikwata a 1917. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, sansanin sojin sama yana Mando, makarantar horar da hafsoshi tana nan tun 1964, Jaji kuma tana kan hanyar Zariya. Gari ne kuma da bai manta da ɗaliban Afaka da aka sace a 2021 ba, ko jirgin ƙasan da aka tare a Maris ɗin 2022. Wanda ya ce ba ya son ganin ana wasa da kamannin bindiga, ba ni da bakin ce masa komai. Abin da kawai zan ƙara shi ne, wannan ma hujja ce a kan cewa ɓuyar tana da wurinta: cikin shinge, da izini, da alƙali, da rana tsaka. Kakin soja an hana farar hula sawa, kuma wanda ya sa shi ya je yana rarrafe a bayan wata katanga wajen Mando da abu mai kama da bindiga don ya gwada basirarsa, zai gamu da mutanen da ba da fenti suke aiki ba. In ya yi sa'a, tsallen kwaɗo zai yi daga nan har gadar Kawo.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi damuna: in haka ne, mene ne amfanin mutum irina a runduna? Na yi tunani na gano cewa babban amfani ne, kuma shi ne ya ƙara tabbatar mini da maganata. Rundunar bogin Patton ba ta harba ko harsashi ɗaya ba, aikinta a gan ta. Janar mai hankali ba zai ɓata lokaci yana koya mini rarrafe ba. Zai ce in zo da shaddata fara, in ƙara turare, in bar wayata a kunne, ya tura ni ta gabas in yi ta gaisawa da duk wanda na gani. Abokan gaba za su taru a kaina kamar an watsa wa kaji tsaba, kowa yana son a ce shi ya harbi Alhaji, yayin da wani siririn yaro ɗan Rigasa, wanda ko sunansa ba a riƙe ba, zai bi ta bayan tayoyi ya ɗauko tuta. Sharaɗina ɗaya ne kafin in karɓi muƙamin: rundunar ce za ta yi wa mai wanki da guga bayanin yadda farar shadda ta koma atamfa, kuma ita za ta biya.