Tazuge a Mashigin Hormuz

Babban ɗanmu ne ya biya mana kuɗin yawon shan iska a jirgin ruwa, ni da Hajiya, daga tashar Mina Rashid ta Dubai zuwa Maskat, wai mu huta. Cikin takardun da ya turo har da gargaɗin cewa akwai daren da ba a shiga ɗakin cin abinci sai da shigar alfarma: maza baƙar kwat, mata doguwar riga, mai kayan ƙasarsu kuma ya sa abinsa. Al'adar manyan jiragen Ingila ce, irin su Queen Elizabeth 2 da ke nan ɗaure a tashar, an mai da ita otal tun 2018. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Bakano za a koya wa ado?

Na shiga Kantin Kwari na yanko farar Getzner yadi 10, aka yi mata aiki, aka kai wa masu wanki da bugu suka dake ta har tana ɗaukar ido. Kilo 23 aka yarje wa jakata a jirgin sama, babbar riga da 'yar ciki da wando da hula Zanna Bukar da takalmi suka cinye mai tsoka, na cusa ɗan dutsen guga a gefe. A bakin tasha na'ura ta hango shi aka riƙe, don babu abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Ban ko ɗaga kai ba. Rigar da ta sha bugu ba ta neman guga.

Da yammacin daren, muna ratsa mashigin Hormuz, na warware ninkin wando na zura yatsa a ƙubaka. Wayam. Masu wanki sun zare tazuge kamar yadda suka saba, ba su mayar ba. Wandon kuwa, telana mutumin da ne, ƙugunsa zai ɗauki mutum biyu da yaro. Kaftanin da na zo da shi a jiki yana wurin wankin jirgi da tazugensa, sauran wandunan duk masu roba ne da ɗanmu ya saya wai na hutu. Na zaga shagunan jirgi: agogo, turare, gwal, tabarau. Jirgi mai ɗauke da dubban mutane, har da asibiti da gidan wasan kwaikwayo da wurin ninƙaya, amma babu tazuge ko ɗaya.

Dabara ta zo. Kowane fasinja yana da katin da yake buɗe ɗaki da yin sayayya, mu kuma mun rataye namu a wuya da igiya. Na haɗa tawa da ta Hajiya, na zura da buroshin goge baki, na ƙulle tam. Ita irin wannan igiya akwai ɗan maɓallin roba a tsakiyarta, an yi shi musamman don ya ɓalle in an fizga, kada ƙofa ta kama mutum ta shaƙe shi. Wanda ya ƙirƙiro shi wuya ya yi wa tanadi, tumbi bai zo masa a rai ba.

A tsakiyar jirgi akwai wata matattakala mai ƙyalli, a gindinta mai kaɗa fiyano, a kanta kyaftin cikin fararen kaya da zanen zinariya huɗu a kafaɗa, ana bin layi ana ɗaukar hoto da shi. Ina shigowa wayoyi suka tashi sama. Wata tsohuwar Baturiya ta shafa aikin rigar ta dafe ƙirji. Layi ya zo kaina, na hau matakala, na yi abin da duk mai babbar riga yake yi in ido ya yi masa yawa: na ɗaga hannuwa biyu na saɓa hannayen riga a kafaɗa, na cika ƙirji da iska, na miƙa wa kyaftin hannu.

Ƙas!

Ƙaramar ƙara ce, ni kaɗai na ji ta. Da wandon yadi ne mai laushi, da ya zube lokaci ɗaya an huta. Shaddar da ta sha bugu ba ta san gaggawa ba. Ya taho a hankali yana shuuu, ya ɗan tsaya a gwiwa ya yi shawara, jirgi ya ɗan karkata ya ba shi ƙwarin gwiwa, ya ƙarasa. A ƙasan ma bai kwanta ba, ya tsaya da ninkinsa zagaye da idon sawuna, fari fat, yana ƙyalli. Ga shi da hannuna na yaye gefen riga duka biyu, 'yar ciki kuma iyakarta gwiwa. Daga nan zuwa baƙar safa babu komai sai ƙafafun zalɓe guda biyu da ba su ga rana ba tun ina makarantar kwana.

Ina ta juya wannan lokaci a raina. Hannun dama yana hannun kyaftin, shi kuma bai saki ba. Na hagu yana riƙe da riga. In taka, dabaibayi. In duƙa, hula. Mai fiyano bai fasa kiɗa ba. Mai hoto ya ƙirga uku ya haska. Shi kuwa kyaftin, mutumin da ya saba da guguwa, ya kafa idonsa a goshina bai yarda ya sauko ko zuwa haɓa ba. Allah ya saka masa.

Sai ga wani Alhaji ɗan Maraɗi, ɗan kasuwar atamfa da muka saba da shi wajen cin abinci, ya fito daga layi ya hau kusa da ni, ya yi raɗar da ta kai har gindin matattakala.

"Alhaji, kak ka motsa. Mi ya hwaru? Tazuge na?"

Na ce shi ne.

"Wane iri ka sa? Na kanti? Ka ji halinku Kanawa. Tazuge na saƙi aka sawa, na auduga, shina shekara goma bai ce uffan ba."

"Alhaji, yanzu dai…"

"Ni in zan tahiya ukku nika riƙewa. Guda ga wando, guda ga aljihu, guda ga jikkar uwargida."

Na ji wani sanyi a rai. "Don Allah ara mini na aljihun."

Ya laluba dama, ya laluba hagu, ya fito da goro ya mayar. "Ash! Shina cikin waccan rigar."

Bai karaya ba. Ya ce in faɗi gaisuwa kamar gaban sarki, in ce ranka ya daɗe, Anasara ba su sani ba, cewa za su yi al'ada ce, in zan miƙe sai in taho da wandon. A halin da nake ciki, ko cewa ya yi in faɗa teku zan duba maganar. Na zame hannuna na durƙusa na dunƙule hannu. Hula ta fice, ta bi matattakala tana tsalle ɗaya bayan ɗaya har gindin fiyano. Kyaftin kuma, don girmama al'ada, ya rusuna shi ma, idonsa ya sauka kan abin da ya daɗe yana gudu. Jama'a suka ɗauki tafi. Na yunƙura, ashe dunduniyata tana kan ƙubaka, ɓangare ɗaya ya biyo ni, ɗaya ya ƙi.

"Ka yi garaje," in ji ɗan Maraɗi. "Gaisuwar sarki ba a yi mata garaje."

Hajiya tana bayan ginshiƙi, ta cusa gyale a baki, kafaɗunta suna rawa. Sai da ta gama ta zo ta ce, "Baban Ummi, mu je," ta ware mayafi ta kare ni, na ja ƙafa zuwa lif. Lif ɗin na gilashi ne. Muna tafiya sama ina jiyo ɗan Maraɗi daga ƙasa yana cewa gobe a Maskat in shiga kasuwar Mutra in sayi zane, mutanen Oman zane suke ɗaurawa a ƙarƙashin riga, shi ya sa ba ka taɓa jin an yi musu haka.

Washegari aka baje hotunan daren don sayarwa. Hajiya ta biya da katin ɗakinmu, ta ɗauka a waya ta tura zauren WhatsApp na dangi tun kafin mu sauka. Duk wanda hoton ya iso wayarsa, don Allah ya tsaya a kansa, kada ya tura gaba.